Gilashi Ba Ya Son Shiru

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba?", na gan ku. Da yatsa ɗaya nake bugawa. Ga shi nan.

Auta ya riga ya faɗa min da bakinsa: aikin Mai ɗinki ne na ƙarshe da zai yi a shagona. Daga nan zai koma wurin mai kamfanin tagogin alminiyam, wanda ya daɗe yana zawarcinsa. Bai faɗa wa yayansa ba. Ai ba sa magana.

'Ya'ya maza biyu gare ni, Babba da Auta. Ni na koya musu gilashi, yanka da ɗauka da kafawa. Da gwiwata ta ƙi, na miƙa wa Babba makullin shago na koma kan benci. Ba a jima ba gilashin wata ƙofa ya suɓuce musu suna ɗauke da shi, ya tsaga wa Auta hannu daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Tun ranar Babba bai sake yarda sun ɗauki gilashi tare ba. In babban aiki ya zo, sai ya fita titi ya nemo leburori biyu, shi ya tsaya gefe yana ba da umarni, ya bar ƙaninsa da awo da yanka.

Auta ya ɗauka an ce masa kai ka saki, ba ka iya ba. Babba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Haka suke zaune, shago ɗaya, kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Baba ka ce masa ya miƙo guduma. Baba ka ce masa tana gabansa. Na tsufa na zama ɗan aike.

Mai ɗinki tsohuwa ce, ƙawar uwarsu. Shagonta a saman bene yake, za ta sauko ƙasa saboda ƙafa. Madubai biyu gare ta a bango, kowanne ya fi mutum tsawo, masu kauri irin na da, waɗanda yanzu ko ka zaga kasuwa ba ka samu. Ni na kafa mata su ina da ƙarfina.

Da muka hau da safe, Babba ya zo da leburorinsa. Mai ɗinki ta tare ƙofa, tef ɗin awo a wuya. Ta yi musu sannu da zuwa, ta ba su haƙuri, ta ce su koma, madubanta ba sa son baƙon hannu. Wanda ya kafa su ga shi tsaye. In ƙafarsa ta gaza, 'ya'yansa ba su gaza ba.

Babba ya ce, Inna, aikin na buƙatar ƙarfi.

Ta ce ƙarfin me kuma, ga Auta nan kamar ƙofar gareji.

Na san da hannun uwarsu a ciki. Jiya na ji ta a waya tana magana ƙasa-ƙasa, da na shigo ta koma zancen tsadar zare.

Babba ya dube ni. Na dubi bango. Leburori suka sauka.

An ture kekunan ɗinki gefe ɗaya. Ƙasa duk guntayen yadi da zare. Fanka na juyawa, zafi bai san tana yi ba. Yaran suka hau kwance sukurori, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba wanda ya dubi wani. Ni kuma na kasa zama. In je taga, in dawo ƙofa, in leƙa matakala, in sake dawowa.

"Mai gilashi, zauna," in ji Mai ɗinki. "Kana kai da kawowa kamar kazar da ƙwai ya matsa."

Na ce mata ƙafata ce, in na zauna sai ta sandare.

Ta ce to, da ƙafa ake taune leɓe?

Sukuru ya faɗi daga hannun Babba. Ya ɗauka. Ya sake faɗuwa. Gumi ya jiƙa masa bayan riga tun ba a ɗaga komai ba. Mai ɗinki ta zuba ruwa ta miƙa masa. Ya karɓa da dama, ya tura hagu cikin aljihu. Ta bi hannun da ido har ya shige.

Ta jawo ni bakin taga ta ce yaron nan ba lafiya yake ba.

Na ce girman kai ne ke damunsa.

Ta ce ikon Allah, ko a ina ya gado shi.

Ta ce ita ta daɗe tana riƙe da ma'aikata. In ta ga mai hannu mai kyau ta fara karya allura, ta fara yi wa abokan aiki tsawa a kan almakashi, ba ta tambayarta me ta yi. Takan jira a watse, ta zaunar da ita, ta tambaye ta me ke cin ta. Ta ce sau tari ba a shagon abin yake ba, shagon ne kawai inda yake fashewa.

Na ce gilashi ba yadi ba ne, ba a lallashinsa.

Ta ce ai ba gilashin ta ce in lallasa ba.

Na bar mata tagar.

Wanda bai san aikinmu ba, bari in faɗa masa yadda ake sauko da gilashi a matakala. Dokokina ne, kuma a kansu yaran suka tashi. Mutum biyu ne. Na ƙasa da baya-baya yake tafiya, ba ya ganin inda zai taka, kuma nauyin a kansa yake. Wurin babba ke nan, a gidana ƙani ba ya shiga ƙasa yayansa na tsaye. Na sama shi ne idon na ƙasa. Zai ce "taki", na ƙasa ya sauke ƙafa ya ce "na taka". In ba a ji amsa ba, ba a motsawa. Gilashi ba ya son shiru. Waya ba ta bin mai ɗauka, a ajiye ta. Kuma baki biyu ne a kan matakala. Na uku, ko na uban da ya haife su ne, ɓarna ne.

Suka jingina madubi ɗaya a bango, suka kawo ɗayan bakin ƙofa. Auta ya sauka ya shimfiɗa bargo a filin da matakalar ta yi kwana, ya dawo ya ajiye wayarsa a kan teburin yanka. Suka sa safar hannu. Babba ya tsaya ta ɓangaren ƙofa. Hagunsa ƙarƙashin bakin madubin, damansa a sama.

Suka ɗaga. Ba wanda ya ce ɗaga. Ido kawai.

Matakalar siririya ce, mutum biyu ba sa gittawa. Ni da Mai ɗinki muna sama, a bayan Auta.

"Taki," in ji Auta. Kamar mai magana da bango.

Babba ya sauke ƙafa, bai amsa ba.

Auta ya tsaya cak. Ya maimaita.

"Na taka."

Maganar farko ke nan da na ji ta shiga tsakaninsu kai tsaye tun ranar jinin nan. Muryar Babba ba ta yi min daɗi ba. Siririya, kamar ta wanda ya yi gudu.

Taki. Na taka. Taki. Na taka.

Rana ta shigo ta tagar matakala ta bugi madubin, ya jefa haske a bango. Hasken nake kallo. Mai gilashi ba ya kallon fuskar mai ɗauka, hasken yake kallo, shi ba ya ƙarya. Sun wuce rabin hanyar zuwa bargon, sai hasken ya fara rawa.

"Taki."

Shiru.

"Na ce taki."

Hasken na rawa a bango kamar ruwa a faranti.

"Auta," in ji Babba. "Ba na jin hannuna."

Na san nauyin madubin nan. Na san in ya tafi, na sama zai iya sakewa ya ja da baya. Na ƙasa ba shi da wurin zuwa. Ƙirji, cinya, ƙafa, duk a hanyarsa suke. Kuma ba wurin ajiyewa, in bakinsa ya taɓa kaifin mataki ya tsage.

Na buɗe baki. Abin da zan ce ya riga ya zo makogwaro: riƙe, kai wane irin namiji ne.

Mai ɗinki ta damƙe min hannun riga. Ta girgiza kai. Na juya zan fizge, sai na yi ido biyu da wani tsoho a cikin madubin da ke jingine, baki buɗe, jijiyar wuya a tashe. Na rufe bakin. Dokata ce.

"Wanne?" in ji Auta.

Muryarsa ta sauya. Ba bango yake wa magana ba yanzu.

"Hagu."

"Duka?"

"Daga yatsu har gwiwa."

"To. Kar ka dubi hannun. Ni za ka duba."

Na ga bayan Auta ya ɗaure. Ya kafa ƙafa, ya ja nauyin zuwa ƙirjinsa iya abin da na sama zai iya ja. Ya ce wa yayansa ya mai da ƙafar hagu kan matakin da ya baro, ya turo cinya ƙarƙashin bakin madubin, a hankali, ba wanda ke korarsu. Babba ya yi. Na ji ƙarar takalminsa a kan siminti.

"Ya zauna?"

"Ya zauna."

"Yanzu ja numfashi, Yaya. Iska kyauta ce, ba a ce ka tanada ba."

Yaya. Na ji ta. Mai ɗinki ma ta ji, don ta ƙara matse min riga.

Babba na huci. Auta ya ce ba haka ba, ta hanci, a hankali, ya riƙe, ya saki. Ya yi tare da shi. Mutum biyu manya, tsaye a tsakiyar matakala da madubin mutane, suna koyon numfashi. Da wani ya ba ni labari da na ce wasa ne.

Hasken ya rage rawa.

Sai Babba ya yi magana, idonsa a kan ƙaninsa.

"Ranar nan ma haka ya yi min. Ba kai ka saki ba."



Hasken ya sake tashi da rawa, ya fi na ɗazu. Wannan karon ba daga ƙasa rawar ta fito ba. Kafaɗar Auta nake kallo. Na ce a raina shi ke nan, madubi ya tafi, ɗa ya tafi.

Auta ya gyara riƙo.

"Wannan maganar sai mun sauka ƙasa," ya ce. "Yanzu motsa yatsunka."

Babba ya ce ba sa motsi. Auta ya ce ya fara da babban, ai shi ma babba ne, ya san girman kai. Can sai Babba ya ce ya fara jin kamar allurai. Auta ya ce madalla, shagon ɗinki muke, allura ba baƙuwa ba ce.

Daga nan bai sake barin shiru ya shiga ba. Ya dinga zuba. Ya tuna masa ranar da Babba ya goya shi zai tsallake kwata da shi suna yara, suka faɗa tare, Babba ya ce wa uwarsu ruwan sama ne ya jiƙa su alhali ko gajimare babu. Ya ce tun ranar ya san yayansa bai iya ƙarya ba, ashe ya koya daga baya. Wani abu ya fito daga bakin Babba, tsakanin dariya da tari.

"Ya dawo?"

"Ya dawo."

"Riƙe. Cire cinyar. Taki."

"Na taka."

Haka har bargo. Suka sauke bakin madubin a kai suka huta. Ba wanda ya dubi wani. Suka sake ɗagawa suka yi kwana, na daina ganinsu, sai murya. Taki, na taka, har ƙasa.

Sai a lokacin Mai ɗinki ta sakar min riga. Ta ce in na ga ta yage in kawo, ɗinki kyauta ne.

Kafin in gama saukowa da wannan gwiwar, sun jingina madubin a sabon shagon. Ɗaki ne babu komai, sai warin fenti da ɗaurin yaduka a lungu. Auta ya cire safar hannu ya jefar. Ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa tabon gaban fuskar yayansa.

"Kullum in na zo wanke hannu sai na ga wannan in ce ni ne sakarai."

Babba ya sunkuyar da kai.

"Na yi ta juya ranar a kaina. Ina na kuskure, yaushe na sassauta. Kai kana gefe ka sani. Me ya hana ka faɗa?"

Babba ya ɗago ido ya dube ni, ya mai da shi ƙasa.

Kallon bai yi min ba. Na ce, ni na riƙe maka baki?

Mai ɗinki ta taka min ƙafa, mai lafiyar. Ta ce ba haka ake tambaya ba. Na ce to ya ake yi. Ta ce in fara zama, mai tambaya a tsaye ɗan sanda ne.

Na zauna a kan ɗaurin yadi. Ta nuna wa Babba wani, ya zauna. Auta ya ƙi, ya jingina da bango ya harɗe hannu. Na nemi maganar a bakina. Na ɗauki gilashin da ya fi ni tsawo a rayuwata, bai kai ta nauyi ba.

"Me ke cin ka?"

Ya daɗe yana murza tafin hagun da babban yatsa. Sannan ya fara, guntu-guntu.

Ya ce tun da makullin ya shiga aljihunsa barci ya fita. Wannan ya kira yana faɗa an yi jinkiri, wancan ya kira taga ba ta rufuwa. Ya auna wuri, ya sake aunawa, ya dawo gida ya kwanta zuciyarsa na ce masa awon bai yi ba. Da yamma kuma in zo da sandata in bi aikin da yatsa ina neman inda ya karkace, in na samu in faɗa, in ban samu ba in yi shiru in tafi. Ya ce in abin ya taru sai ƙirjinsa ya hau bugu, daga nan hannun ya mutu. Ya je asibiti shi kaɗai. Likita ya duba, bai ga karaya ba, ya tambaye shi yadda yake barci da wanda yake faɗa wa damuwarsa. Ya ce masa babu.

Ya ce in ya faɗa min, zan karɓe makullin, a ce babba ya gaza. In ya faɗa wa Auta, ya faɗa min ke nan. In kuma ya sake shiga ƙarƙashin gilashi da shi, wancan karon hannu ne, wa ya san na gaba. Sai ya ga gara ƙaninsa ya tsane shi yana da wuyansa.

Auta ya ce wannan wane irin lissafi ne.

Babba ya ce na wanda ba ya barci.

Suka zuba min ido, ni ake jira. Na ce duba aiki ba zan daina ba, gilashi ne, yana kashe mutum. Mai ɗinki ta yi gyaran murya. Na ce amma aikin da ban ga aibunsa ba, mai kyau ne, na ɗauka an sani. Babba ya ɗago ya dube ni kamar na yi wani yare. Na ce makulli kuwa, mai yankan makulli bai mutu ba, a yanko na biyu, kowa ya ɗauki rabin ciwon kan.

Auta ya ce shi bai nemi makulli ba.

Ya juya wajen yayansa. "Ka san yau ce ranata ta ƙarshe?"

Babba ya dube shi, ya dube ni. Fuskata ta ba shi amsa.

"Ina za ka?"

Auta ya faɗa masa. Ya ce ya gaji da zama mai riƙe tef a shagon ubansa, baƙi na ɗaukar abin da aka koya masa tun bai kai teburi ba. Can an ce ana son hannunsa.

Babba ya miƙe, ya je ƙofa, ya dawo. Ya sake zuwa. Mai ɗinki ta dube shi, ta dube ni, ta ce kaza ta haifi kaza.

"Me zan yi?" in ji Babba. Ba ni ya tambaya ba. Ƙaninsa ya tambaya.

"Ƙasa nake so."

"Ƙani a ƙasa, yaya a sama?"

"Mai jin hannunsa a ƙasa. Mai ido a sama. Ka fi ni ido, ban taɓa musu ba. Kuma duk ranar da hannun ya fara, ka faɗa tun yana yatsa. Ba sai ya kai gwiwa ba."

"In na ba ka, za ka zauna?"

"Ban ce ba. Na riga na yi wa mutum alkawari."

Suka juyo gaba ɗaya suna kallona, don dokar tawa ce. Ubana a ƙasa ya tsaya har ya tsufa. Ni ma haka. Ban taɓa ganin an juya ta ba. Na ji zafinta a ƙirji.

Na ce ba ni zan ɗauka ba. Masu ɗauka su shirya.

Muka koma sama. Na fi kowa daɗewa a hanya, ba wanda ya jira ni, ban kuma nema ba.

Na tarar da Babba tsaye gaban madubi na biyu, ta ɓangaren ƙofa, inda ƙafarsa ta saba kai shi. Auta na gefe yana sa safar hannu, yatsa bayan yatsa, bai ce masa matsa ba. Mai ɗinki na tattara guntayen yadi da ba sa buƙatar tattarawa.

Babba ya dubi kansa a madubin. Ya dubi hagunsa. Ya buɗe, ya rufe.

Ya zagaya ya koma ɗaya ƙarshen.

Auta ya shiga wurin da ya bari. Ya sa hannun mai tabo ƙarƙashin bakin madubin.

"Ka shirya?" in ji Babba.

"Na shirya, Yaya."

"Ɗaga."

Suka fita ƙofa. Auta ya juya wa matakala baya, karon farko a rayuwarsa. Na ga diddigensa na laluben bakin mataki.

"Taki. Dama kaɗan, akwai ɓantarewa a gefen."

"Na taka."

Ashe ya lura da ɓantarewar ɗazu, da mataccen hannu. Na dubi hasken a bango. Tsaye yake kamar an kafa shi da ƙusa.

Sai waya ta ɗauki kuka a kan teburin yanka. Ta Auta.

Ta yi ta yi ta katse. Ta sake ɗauka. Na ɗago ta, na nesanta da ido har harufan suka zauna. Mai alminiyam.

Auta ya san kukan wayarsa. Ya kuma san mai kiran.

"Taki," in ji Babba.

Ba amsa.

Wayar na kuka a tafina. Ba ni da baki, suna kan matakala. Mai ɗinki ta daina tattara yadi.

"Taki, Auta."

"Baba," in ji Auta, bai ɗauke ido daga fuskar yayansa ba. "Ka ce masa hannuwana a cike suke." Ya sauke ƙafa. "Na taka."

Na ja baya zuwa taga, nesa da matakala, na danna. Mutumin bai jira sallama ba. Ya ce yana ƙasa a bakin titi, ya zo ɗaukarsa kamar yadda suka yi, akwai aikin da ke jiransu, ya yi sauri.

Na leƙa. Farar mota mai buɗaɗɗen baya, inji na aiki, daidai ƙofar da yaran za su fito da madubi. A bayanta, cikin sandunan alminiyam, akwai akwatin ƙarfe shuɗi mai lanƙwasasshen marfi. Na san shi ko a duhu. Ni na ba Auta shi ranar da ya fara yanka gilashi shi kaɗai. Ashe tun kafin mu zo nan ya miƙa kayan aikinsa.

Mutumin na ta cewa wa ke magana, ina yaron yake.

Daga matakala murya biyu na tasowa, suna ƙara nisa, suna kusantar ƙofar. Taki. Na taka. Taki.

Na ce masa, "Ubansa ne. Kashe motarka ka jira. 'Ya'yana suna magana."